Lilon da Ya Fi Katanga Tsawo

Bara da kuka kai ni wurin wasan nan na Abuja, kun yi ta roƙona in hau babban lilon da ke juyawa da mutane sama, na ƙi, na zauna a benci ina tsaron takalma da jakunkuna. Ina jin abin da Asma'u ta raɗa wa 'yarta, wai Hajiya ta taɓa hawa irinsa tana budurwa ta suma, shi ya sa. Ban suma ba. Haka nan maganar da wasu danginmu na Kano suke yi har yau, cewa kakanku ya gina wa wani attajiri hasumiyar leƙen matan mutane aka kore shi, ita ma ba haka take ba. Tun da ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Mahaifina, Malam Sule, magini ne. Yana saurayi ya biyo wani ɗan kwangila daga Kano zuwa Yerwa, babban garin Barno, aikin ya ƙare, shi bai koma ba. A nan ya auri Inna, a nan aka haife mu. Barebari suna son aikinsa, amma har ya yi furfura Afuno suke kiransa, wato Bahaushe, kuma gyaran katanga da yaɓen ɗaki kawai ake ba shi. Manyan gine-gine na wasu ne. Bai iya Barbarci sosai ba, in ya yi sai yara su yi ta dariya, shi ma ya taya su. Akwai wata al'ada tasa da na tashi ina ji tun ban san ma'anarta ba. Duk sa'ad da zai hau katanga ko rufin ɗaki, sai ya tsaya a gindin tsani, ya ɗaga murya:

"Masu gida, a kimtsa! Namiji zai hau!"

Sai ya dakata, ya ba mata lokaci su ja mayafi ko su shige ɗaki, sannan ya taka tsanin. Kowane maginin kirki yana yin haka, amma na Baba ya wuce misali. Ko a bayan gari yake aiki, inda babu maƙwabci sai awaki, sai ya yi kiran. Inna takan tsokane shi, ta ce awakin sun ji, sun ɗaura ɗankwali.

Abin ya faru ne a shekarun da ake jan hanyar jirgin ƙasa zuwa garinmu, kowa na cewa Yerwa za ta zama babban birni. Ni na gama sakandare ke nan, abin da 'yan mata kaɗan suka samu a lokacin, ina koyar da yara mata a wata 'yar makaranta ta unguwa. Mutane suna ganin duk wadda ta yi boko ta zama jaruma, ba ta tsoron komai. Ni kuwa ko kujera na taka don in ɗauko kwano a kan kanta sai jiri ya ɗebe ni. Haka Allah ya yi ni.

Akwai wani attajiri, Alhaji Bukar, mai fataucin fatu da bandar kifi, rumfunansa suna Kasuwar Litinin. Ya je hajji ta ƙasa, kamar yadda ake zuwa a da, ta gabas, ya daɗe a biranen bakin kogin Nilu kafin ya dawo. Can ya ga lambunan da ake kewayewa da katanga, a biya a ƙofa a shiga, ba don a sayi komai ba, sai don kallo da wasa. Abin ya zauna masa a rai. Wata ranar da hantsi ya zo zaurenmu da kansa, aka kira ni in kawo ruwa, kuma in karanta musu rubutun Turancin da ke ƙasan wasu hotuna da ya zo da su. Na zauna a bakin ƙofa ina jin su. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya kama zane da tsinke.

"Malam Sule, so nake mutum ya shigo da ƙafarsa ya zaga ƙasar Barno kaf kafin la'asar, bai hau raƙumi ba, bai hau mota ba."

"Ƙasar Barno a fili ɗaya, Alhaji?"

"Ƙanƙance ta za ka yi. Ga tabkin Cadi nan, ga duwatsun kudu nan, ga bukkar Shuwa nan. Wanda bai taɓa fita gari ba ya zo ya gani, wanda ya baro garinsu ya zo ya rage kewa."

"To sauron tabkin fa? Shi ma a ƙanƙance shi?"

Alhaji ya yi dariya har ya buge zanensa da gwiwa. A ranar ya damƙa wa Baba aikin gaba ɗaya. Filin yana bakin gari, ta wajen hanyar Maisandari, daidai inda gidajen ƙarshe na wata tsohuwar unguwa suka tsaya. 'Yar siririyar hanya ce kawai ta raba su.

Ban taɓa ganin mahaifina cikin irin wannan farin ciki ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe ɓarakar katangar wasu, yau an ce ya gina duniya. Yakan dawo da yamma jikinsa duk laka, ya zauna ya yi ta ba mu labari abinci na hucewa. Ya ƙi bin hotunan Alhaji yadda suke, masu miƙaƙƙun hanyoyi da ake hango ƙarshensu tun daga ƙofa. Ya ce ido ma kamar ciki yake, in ka ba shi komai a loma ɗaya ya ƙoshi ya tafi. Don haka sai ya yi ƙofar lambun irin ta gidajenmu: ka shiga zaure, ka tarar da bango a gabanka, sai ka karkata kafin ka ga ciki. Hanyar ma ya lanƙwasa ta, ya jera darbejiya da zana a gefenta, yadda ba za ka san akwai tabki ba sai ka kusa taka ruwa. Tabkin rami ne da aka daɓe da yumɓu, aka kawo masunci ya saƙa kwalekwalen ciyawa irin na Cadi aka ɗora a kai. Dutsen kuwa tarin duwatsu ne da aka kwaso a mota, Baba ya jera su, ya yi 'yar bukka a bisa, aka saki 'yan awaki. Wata mata mutuniyar kudu da ke kawo wa ma'aikata abinci ta tsaya ta kalle shi, ta ce ko kaɗan bai yi kama da dutsensu ba, sannan ta zauna a gindinsa ta yi kuka. Daga baya na karanta tarihin irin waɗannan wurare, yadda suka faro daga lambunan shan iska na Turai da filayen baje koli, har suka zama manyan garuruwan wasa, kuma na ga dabarar duk ɗaya ce da ta Baba: ka kewaye wuri, ka ɓoye wa mutum garin da ya baro, ka riƙa buɗe masa abu kaɗan-kaɗan. Shi bai karanta ba. Daga zaure ya koya.

Abu ɗaya ne a cikin lambun ba na Baba ba, shi ne lilon. Alhaji ya gan shi a can biranen Nilu, ya ce in babu shi babu lambu. Wani makanike mutumin Biu, Malam Yakubu, ya haɗa shi da katako da ƙarafan tsohuwar babbar mota: wata ƙatuwar ƙafar keke ce a tsaye, an rataya mata kujeru kamar akwatuna, ƙarti suna juya ta da hannu, wanda ke ƙasa ya je sama, wanda ke sama ya dawo ƙasa. Alhaji ya ce a kafa shi kusa da katanga ta wajen unguwa, don a hango shi daga titi.

"Komai na ciki ka ɓoye, Malam Sule, na yarda. Amma wannan shi ne mai kiran mutane. Mai kira ba ya ɓuya."

Baba ya duba ƙasar wurin, ya ga tana da tauri, za ta riƙe nauyi, ya gina masa gindi. A kwance aka haɗa lilon, kuma abu in yana kwance ba ka sanin tsawonsa. Ranar da aka ja shi da igiyoyi ya miƙe, sai ga shi ya zarce katangar lambun, ya zarce darbejiyar, yana kallon unguwa. Baba ya dawo gida ran nan bai ba mu labarin komai ba.

Washegari Bulama Modu, mai unguwar, ya zo da dattawa. Ba na wurin, amma Malam Yakubu ya maimaita mana maganganun har na haddace su.

"Alhaji, wannan tsanin naka ina za shi?"

"Ba tsani ba ne, Bulama, lilo ne. Na yara da samari."

"Samari. To madalla. Samari za su hau can, iyalinmu suna nan ƙasa suna wanka."

"Wallahi wanda ke can sama ta ransa yake yi. Ni na hau irinsa a hanyar hajji, ban ga komai ba sai Allah da nake kira."

"Kai ka ji tsoro, Alhaji. Ɗan wani ba zai ji ba. Zai hau yau, ya dawo gobe da abokinsa ya nuna masa."

Alhaji ya dage cewa bishiyoyi sun tare, ba a ganin komai. Dattawa suka ce ana gani. Malam Yakubu ya ce to abu mai sauƙi, bari ya hau ya duba. Ai kuwa suka yi masa ca. In ana gani fa? Shi ke nan ya gani. Babu namijin da zai hau ya tabbatar ba tare da ya aikata ainihin abin da ake gudu ba, ko Alhaji, ko Bulama, ko liman. Can wani tsoho ya ce sai dai mace. Matan Alhaji suna kulle, kuma dattawa ba za su karɓi shaidarsu a kan kayan mijinsu ba. Tsofaffin matan unguwa da aka tambaya suka ce ko da kuɗi aka haɗa su ba za su hau wannan abin ba. Sai Alhaji ya kawo sunana. Na san lissafinsa: 'yar magini ba za ta rushe ginin ubanta ba. Bulama kuma ya yarda, don jikokinsa mata suna ajina. Ya ce malamar yara ba za ta yi ƙarya ba, kuma ta yi boko, ta saba da kayan Nasara. Aka sa rana, aka aika gida-gida cewa mace ce za ta hau, kowa ta ci gaba da harkarta.

Kowa a gidanmu ya san abin da ke kan bakina. In na ce ba a gani, a buɗe lambu, Baba ya zama mai kula da shi, sunansa ya fita a gari bayan shekara da shekaru. In na ce ana gani, a sauke lilon, kuma tun da shi ya gina gindin a wurin, a kansa laifin zai sauka. Da safen ranar Inna tana ɗaura mini mayafi, tana ja da ƙarfi kamar ni na yi mata wani abu, ta ce:

"Ke da ko turmi ba kya iya hawa. Da kin ji an ɗaga ki, ki runtse ido. In kin sauko aka tambaye ki, ki ce ban ga komai ba. Ai ba ki yi ƙarya ba."

"Inna, ba abin da na gani za su tambaya ba, ko ana gani za su tambaya."

"Ji mini 'yar boko. Hajara, ubanki bai taɓa samun rana irin wannan ba. Kar ki zama ke ce."

Na juya wajen Baba, yana zaune yana ɗaure bakin jakar kayan aikinsa. Na so ya ce wani abu, ko ta nan ko ta can, in huta. Bai ɗago kai ba.

"Ki riƙe ƙarfen da hannu biyu," shi ne kawai abin da ya ce.

Maza sun cika wurin, sai ni kaɗai mace. Na cire takalmi ban san dalili ba. Malam Yakubu ya zaunar da ni a akwatin, ya tokare gabana da wani ƙarfe, ya ce, "Malama, kar ki damu, na gwada shi da buhunan gero, ko ɗaya bai faɗo ba." Mutane suka yi dariya. Ƙartin suka kama juyawa. Ƙasa ta sulale daga ƙarƙashina, katako ya fara kuka. Na runtse ido tun kafin in tuna da shawarar Inna. Ina jin muryoyin mutane suna yin nisa, suna ƙanƙancewa, iska ta shiga mayafina. Sai lilon ya tsaya, akwatin ya ci gaba da lilo da ni a hankali, gaba da baya. Na karanta duk abin da na sani. Daga ƙasa wani ya yi kira, "Malama, ki duba da kyau!" Na ce a raina, in na zauna haka kaɗan za su sauke ni, in faɗi abin da Inna ta ce, kowa ya huta.

Abin da ya buɗe mini ido ƙarar ruwa ce. Ruwan da ake zubawa daga ƙwarya, kusa ƙwarai, kamar a tsakar gidanmu. Ban yi shawara ba, idon ne ya buɗe da kansa.

Na ga Yerwa yadda ban taɓa ganinta ba. Duk garin da na sani katanga ce da lungu, sai ga shi an cire masa murfi. Gida bayan gida, kamar ƙore a jere: mai daka, mai kitso, mai shanya, yara suna bin kaji. Darbejiyar da Alhaji ya dogara da ita tana can ƙasa da ƙafafuna. Kuma a gidan da ke daf da hanyar, wanda in na jefa tsakuwa za ta faɗa ciki, na ga mai zuba ruwan. Duk sun rasu yanzu, amma ko haka sunan da zan sa mata ba nata ba ne. Bari in ce Ya Falmata. Dattijuwa ce da ake shakka a unguwa, in ta fito cikin lafaya ƙamshin turarenta ya riga ta, mata suna durƙusa mata. Mijinta babban malami ne da aka daɗe ba a gani ba. Abin da aka sani shi ne ya shiga halwa, ba ya son a dame shi. To ga shi nan zaune a kan wata 'yar kujera a tsakar gida, ya ƙanjame, rabin jikinsa a shanye, baki a karkace, kansa yana rinjaya gefe guda. Ita kuma da zani ɗaya, kanta babu ɗankwali, tana yi masa wanka kamar jariri. Ta tallafe haɓarsa da hannu ɗaya, tana wanke masa gemu da ɗayan, tana yi masa magana. Wataƙila saƙon Bulama bai iso ta ba, wataƙila ya iso ta manta, mai jinya ba ta lissafin rana.

Inuwata ce ta faɗa a kan bangonsu, ko kukan katakon ne, ban sani ba. Ta ɗago kai. Muka haɗa ido. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta miƙa hannu ta jawo mayafinta daga kan igiya, na ɗauka kanta za ta rufe. Sai ta lulluɓe shi da shi, tun daga kai har gwiwa, ta tsaya a gabansa ta juya mini baya, furfurarta a waje.

Tsoron faɗuwa ya bar ni a take, wani ya maye gurbinsa, kuma shi ne bai bar ni ba har yau. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Ban yi niyyar mugunta ba, izini aka ba ni, ni mace ce, amma duk da haka na ɗauke wa matar nan abin da ta yi shekaru tana karewa, kuma babu yadda zan mayar mata. Na tuna lilon an yi shi ne don ya yi ta juyawa daga safe har yamma.

Da aka sauke ni sai na zube a ƙasa. Daga nan ne labarin suma ya samo asali. Aka ba ni ruwa. Bulama ya tsuguna nesa kaɗan.

"Wushe, Malama. Sannu. Ana gani?"

Na nemi Baba da ido. Yana bayan mutane, ya harɗe hannu a baya, yana kallon gindin da ya gina.

"Ana gani, Bulama."

"Kai!" in ji Alhaji. "Rufin ɗakuna ta gani. Yarinya ce, ta ruɗe. To me kika gani? Gidan wa? Faɗa mana mu ji, in gaskiya ne."

"Ana gani, Alhaji. Har ƙwaryar da ke hannun mutum."

"Na ce gidan wa?"

"In na faɗa, to da ni da lilon babu bambanci."

Ya yi ta matsa mini, wasu ma cikin dattawan suna so su ji, kowa na fargabar ko gidansa ne. Na ƙi faɗa. Bulama ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce ya isa, yarinya ta ba da shaida. Alhaji ya juya kan Baba a gaban jama'a, ya ce shi ne magini, shi ya kamata ya san tsawon katanga, ya ci amanarsa, kuma ya turo 'yarsa ta ƙarasa. Baba bai ce ai kai ka zaɓi wurin ba. Ya ce, "Haka ne, Alhaji, ni ya kamata in sani."

An yi maganar a matsar da lilon can ƙurya, amma ƙasar can yashi ce, ba ta riƙe shi, kuma Alhaji ya ce lilon da ba a hangowa daga titi ba shi da amfani. Zuciyarsa ta fita daga abin. An buɗe lambun haka nan, mutane suka zo kallon tabki da dutse na ɗan lokaci, wani aka ba kula da shi, ba Baba ba. Da rani ya yi tsanani tabkin ya ƙafe ba a sake cika shi ba, awakin suka cinye zanar, daga baya aka yanka filin aka yi gidaje. Baba ya koma gyaran katanga har ƙarfinsa ya ƙare. A kasuwa aka yi ta yi masa ba'a, wai Afuno ya gina tsanin leƙe. Inna ta daɗe ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke". Ban ga laifinta ba. Ita ta san daren da ya yi yana juyi yana tsara hanyoyin lambun nan a ransa. Ni ma na sha tambayar kaina ko akwai wata hanya da ban gani ba, har yau ban samo ta ba.

Amma akwai ranar da nake so ku riƙe, ita ce ranar sauke lilon. Da igiya aka tsai da shi, amma saukewa sai an hau an kwance ƙusoshin sama, in ba haka ba ya faɗo kan katangar mutane. Malam Yakubu ya ce zai hau, Baba ya ce a'a, shi ya kafa, shi zai cire. Da safe ya ce in raka shi in riƙe masa jaka. Tun ranar shaidar ba mu yi maganar ba. Muna tafe a ƙarƙashin darbejiya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Uwarki ta ce ki rufe ido."

"Na rufe, Baba."

"To?"

"Sai na buɗe."

Ya ci gaba da tafiya. Bai tambaye ni abin da na gani ba, ran nan ko bayan ran nan.

"Shekara nawa ina kira kafin in hau katangar da ba ta fi ni da yawa ba," ya ce. "Sai ga shi na gina wanda ya fi duka tsawo, ban tambayi wa zai yi kiran ba."

Da muka isa ya jingina dogon tsani, ya tsaya a gindinsa, ya cika ƙirji. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

"Masu gida, a kimtsa! Namiji zai hau!"

Ya sake faɗa da gurgun Barbarcinsa, wannan karon babu yaron da ya yi dariya. Ya dakata, ya daɗe fiye da yadda ya saba, har na ji an ja ƙyauren ɗaki a gidan da ke daf da hanya. Sannan ya zagaya da tsanin ɗaya gefen, inda hawan ya fi wuya, ya hau. Tun daga hantsi har rana ta take yana can sama yana kwance ƙusoshi, yana miƙo katako da igiya, fuskarsa tana kallon daji, bayansa yana wajen gari. Ina ƙasa ina kallonsa, wuyana ya ƙage. Ko sau ɗaya bai waiwaya ba.